Yukka Ba Rogo Ba Ce, Kuma Gidanta Na Da Nisa

 A wannan makon za mu amsa wata tambaya ce da ta zo mana daga Dangoma, cikin ƙaramar hukumar Kalgo a Jihar Kebbi. Mai tambayar, ɗaliba a babbar sakandare, ta ce ta shiga intanet neman bayani kan rogo don aikin gida na darasin noma, sai ta ga wani wuri an kira shi yuca. Da ta sake bincike da wannan sunan, sai hotunan wata shuka mai ganye kamar takobi suka cika mata waya. Shi ne take son sanin ko wannan wani irin rogo ne da ba a kawo mana ba tukuna.

Amsa a taƙaice ita ce a'a. Harafi ɗaya ne ya raba sunayen biyu. Yuca mai harafin c ɗaya shi ne rogon da muka sani, haka mutanen Kudancin Amurka masu jin Sifaniyanci suke kiransa. Yucca mai c biyu, wadda za mu riƙa rubutawa yukka a nan, shuka ce dabam, ba su haɗa dangi ba ko kaɗan. Rogo ɗan gidan su zurma da aguwa ne, waccan aguwar da ake shinge da ita a gonakinmu. Yukka kuwa, in ana neman 'yar uwarta a dajinmu, sai a nufi moɗa, wadda maharba ke fitar da zaren ganyenta su yi tsarkiyar baka. Masana sun sa moɗa da yukka cikin babban iyali guda.

Kada ɗalibarmu ta ji kunya, domin manya sun riga ta faɗa wa wannan ramin. Wani Bature ɗan Ingila mai suna John Gerard, wanda ya wallafa littafin tsirrai a 1597, ya shuka yukka a lambunsa yana zaton ita ce shukar da mutanen tsibiran Karebiyan ke yin gurasa da saiwarta. Sunan ya bi ta tun daga nan, kuma da Carl Linnaeus, masanin Suwidin da ya tsara yadda ake ba tsirrai sunayen kimiyya, ya fitar da babban littafinsa a 1753, sai ya tabbatar mata da shi. Yau fiye da shekara 270 ke nan ana kiranta da sunan aro.

Shi rogo asalinsa Kudancin Amurka ne, yankin Burazil. Turawan Fotugal suka tsallako da shi Afirka a ƙarni na 16, ya karɓi ƙasar, har Nijeriya ta zama ta ɗaya a duniya wajen noma shi. Yukka ma an tsallako da ita, kuna iya ganinta a tukunya a ƙofar wani otal ko ofis a manyan birane. Sai dai ita ba ta zama 'yar gida ba kamar rogo, kuma dalilin haka shi ne ya fi komai daɗin ji a labarinta. Za mu zo kansa. Bari mu fara kai ku gidansu.

Akwai nau'in yukka tsakanin 40 zuwa 50, gwargwadon yadda kowane masani ya ƙirga, kuma dukkansu 'yan nahiyar Amurka ne. Babu ko ɗaya da ta tsiro da kanta a Afirka, ko Asiya, ko Turai. Cibiyarsu ita ce ƙasar Meziko da kudu maso yammacin Amurka, inda ƙasa ta bushe, ruwan sama ya yi ƙaranci. Daga can suka bazu, wasu kudu zuwa Guwatemala, wasu gabas zuwa gaɓar Tekun Atilantika, wata kuma ta yi arewa har Kanada.

Wadda ta fi suna ita ce Yucca brevifolia, da ake kira itacen Joshua, wato Yusha'u. Ana cewa wasu matafiya Kiristoci na ƙarni na 19 ne suka raɗa mata sunan, don rassanta sun yi musu kama da mutum ya ɗaga hannuwa sama yana addu'a. Gidanta Hamadar Mohabi, wadda ake rubutawa Mojave, a jihohin Kalifoniya, Nebada, Arizona da Yuta. Wanda ya tashi a ƙasar Kabi ya ga hotonta, abin da zai fara zuwa ransa shi ne goriba: kututture ɗaya ya rabu biyu, kowane reshe ya sake rabuwa, ga tulin ganye a can ƙarshen kowanne. Amma kama da wane ba ta wane. Goriba dangin dabino da giginya ce, kuma rabuwar rassa halinta ne tun asali. Itacen Yusha'u kuwa ba ya reshe sai kan da ke tsiro ya yi fure ko wani abu ya lalata shi. In kun ga wanda ya miƙe sambal babu reshe, to bai taɓa fure ba.

Kada kalmar hamada ta sa ku zaci zafi kaɗai. Mohabi tudu ce, itacen yana tsirowa ne a wurare masu tsayin mita 400 zuwa 1,800 daga saman teku, kuma da hunturu ruwa na daskarewa, wani lokaci har ƙanƙara ta sauka a kansa. Ruwan saman da yawancin wuraren ke samu a shekara bai kai milimita 250 ba. Ku kwatanta da Birnin Kebbi da ke samun wajen 800, ku ga cewa mu da muke kukan fari masu arzikin ruwa ne a wajenta.

In aka gangara gabas zuwa Hamadar Ciwawa, wadda ta haɗa jihar Niyu Meziko da arewacin ƙasar Meziko, sai a tarar da Yucca elata, itacen sabulu. Saiwarta da cikin kututturenta na da wani sinadari mai kumfa, kuma ƙabilun yankin sun daɗe suna daka ta su wanke gashi da tufafi. Wannan ba baƙon abu ba ne a wajenmu, domin aduwa ma na da irin wannan sinadarin, kuma an yi wanki da ɓawonta a wurare da yawa na Afirka tun kafin sabulun kanti ya zo. Akwai wani fili a Niyu Meziko mai tuddan farin rairayi da iska ke turawa kullum. Da rairayi ya fara binne itacen sabulu, sai ya yi ta miƙa wuya don ganyensa ya tsaya a sarari. Ran da tudun ya wuce ya bar shi, doguwar sandar nan ba ta iya ɗaukar kanta, sai ta faɗi. Jihar ta zaɓi furen yukka ya zama furenta na hukuma tun 1927.

Akwai Yucca baccata mai 'ya'ya masu tsoka, dogaye kamar gajeriyar ayaba, waɗanda ƙabilun Nabaho da Apaci ke gasawa ko su shanya su adana don lokacin sanyi. Akwai Yucca schidigera, wadda a yau ake tatsar ruwanta a zuba cikin abincin kaji da na dabbobi don rage warin kashinsu, abin da masu kiwon kaji a cikinku za su so su ji. Kusan dukkansu kuma ganyensu na ba da zare mai ƙarfi. Masu tonon kayan tarihi sun samo takalma da igiyoyi da kwanduna na zaren yukka a kogunan dutse na yankin, waɗansu sun haura shekara dubu. Abin da kaba take a wajen matan ƙauyukanmu masu saƙa tabarma da faifai, shi yukka take a wajen waɗancan mutanen.

Ba duka ne 'yan hamada ba. Yucca glauca tana zaune a filayen ciyawa na tsakiyar Amurka, ta haura har kudancin lardin Albata a Kanada, inda sanyin hunturu kan sauka maki 30 ƙasa da sifiri. A gaɓar teku ta kudu maso gabashin Amurka, cikin rairayi da iska mai gishiri, akwai Yucca filamentosa da ake wa laƙabi da allurar Adamu saboda tsinin ganyenta da zaren da ke warwarewa a gefensa, da Yucca aloifolia mai tsinin da ya sa ake kiranta banatin Sifaniyawa. Can kudu kuma, a Meziko da Amurka ta Tsakiya inda ruwa ya wadata, akwai Yucca gigantea, marar ƙaya, mai gindi kamar ƙafar giwa. Ita ce aka fi sayarwa a tukwane a duniya, don ba ta soke yara. Mutanen El Salbado suna kiran furenta izote, shi ne furen ƙasarsu, kuma suna soya shi da ƙwai su ci. Mafi ban mamaki ita ce Yucca lacandonica ta kurmin kudancin Meziko, wadda ta bar ƙasa gaba ɗaya ta koma zama a kan rassan manyan itatuwa.

Masu shirin jarrabawar WAEC da NECO su lura da siffar waɗanda ke hamada, domin tambayar yadda tsiro ke jure fari ba ta cika ɓacewa a takardar nazarin halittu ba. Ganyen na da kauri da wata fata mai maiƙo da ke hana ruwa tsere wa. An jera shi a zagaye, kowanne da ɗan kwari a tsakiya, ta yadda ko raɓa ce ta sauka za ta gangara gindi. Busasshen ganye ba ya faɗuwa, sai ya kwanta a jikin kututture ya kare shi daga rana. Kabar giwa ta dajinmu, wadda wasu ke kira zabuwa, tana da kusan wannan tsarin, alhali iyalinta dabam, nahiyarta dabam. Matsala iri ɗaya ce ta sa suka yi shiri iri ɗaya.

To, yanzu ga abin da ya hana yukka zama 'yar gida a wajen nahiyarta. Ita ba ta dogara da iska ko zuma wajen barbarar furenta. Aikin na wani ɗan ƙaramin farin ƙwaro ne mai kama da malam-buɗe-littafi, amma mai yawon dare, wanda masana ke kira Tegeticula. Wasu masana biyu a jihar Mizuri ta Amurka, George Engelmann da Charles Riley, su suka fara bayyana wannan alaƙa a 1872.

Ga yadda abin yake. Da dare macen ƙwaron za ta shiga fure ta tattara garinsa, irin bununin da kuke gani a kan gero, ta dunƙule shi kamar ƙaramar fura, ta riƙe a ƙarƙashin kanta da wasu 'yan hannuwa na musamman da ke bakinta. Sai ta tashi zuwa wani furen, ta soka bayanta cikin mahaifarsa ta saka ƙwai. Daga nan ta hau sama ta cusa garin nan daidai inda ake bukatarsa. Zuma kan yi barbara ne bisa tsautsayi, tana neman abin zaƙi gari ya manne mata a jiki. Wannan ƙwaron kuwa ko cin garin ba ta yi. Tana yin aikin ne domin in furen bai ɗauki ciki ba, ba zai yi iri ba, kuma irin shi ne kaɗai abincin tsutsotsin da za su ƙyanƙyashe daga ƙwanta. Tsutsotsin za su ci wani kaso, su bar saura, su huda su faɗo ƙasa su shige cikinta, su jira wata kakar fure.

Kuna iya tambaya, me zai hana ƙwaron ta yi haɗama ta cika fure da ƙwai har tsutsotsi su cinye irin duka? Shukar na da hukuncinta. Bincike ya nuna cewa furen da aka yi wa ƙwai da yawa shi ta fi saurin kakkaɓewa ƙasa, ya mutu da ƙwan da ke cikinsa. Saboda haka mai haɗama ba ta barin baya. Duk da haka ba a rasa macuta ba: akwai wasu dangin ƙwaron da ke jira sai an gama barbara, ɗa ya fara girma, sannan su zo su saka nasu ƙwan ba tare da sun kawo ko ƙwayar gari ba. Ko a daji akwai masu cin bulus.

Shi ya sa in aka ɗauki yukka aka kai ta Turai ko Afirka aka baro ƙwaron, za ta yi ganye, ta yi fure fari tas, amma yawanci furen ya bushe babu iri. Masu lambu sai dai su yanki reshe ko su cire 'ya'yan gindi su dasa. Banatin Sifaniyawa ce ta ɗan fita zakka, don ita takan yi iri ko babu ƙwaron. Rogo bai gamu da wannan matsalar ba, tunda da ma sandarsa ake karyawa a dasa, kuma manomi ya ga abin ci a gindinsa.

Wannan labarin ba na nesa ba ne kamar yadda kuke zato, domin muna da irinsa a bakin fadamunmu. Waye a cikinku ya taɓa ganin furen ɓaure? Babu, domin furen a cikin ɗan yake. Abin da muke kira ɗan ɓaure wata 'yar jaka ce da ɗaruruwan ƙananan furanni suka jeru a bangonta ta ciki, da wata 'yar ƙofa a ƙarshenta. 'Yan ƙwarin nan da kuke hurewa in kun ɓare shi kafin ku kai baki, su ne masu barbararsa. Macen takan kutsa ta ƙofar nan da ƙyar, har fukafukanta su karye, ta shiga da garin da ta ɗauko daga ɓauren da aka haife ta, ta saka ƙwai a wasu furannin, ta barbari wasu, ta mutu a ciki. Mazan da za su ƙyanƙyashe ba su da fiffike. Aikinsu su sadu da matan, su huda musu hanyar fita, shi ke nan rayuwarsu ta ƙare. Matan su kwashi gari su fita neman wani itacen da 'ya'yansa suka isa karɓar baƙi, kuma kwana ɗaya ko biyu kawai gare su a duniya.

Cediya da durumi da gamji duk 'yan gidan ɓaure ne, kuma galibi kowanne da nasa ƙwaron. A ƙasar Masar an shekara dubbai ana shuka irin ɓaurenmu, amma da yake ƙwaronsa ba ya can, ba ya yin iri, sai dasa reshe, daidai da abin da ya sami yukka a baƙuwar ƙasa. A Namibiya kuma masu bincike sun gano cewa iska ta ɗauki waɗannan 'yan ƙwarin da garin fure daga wani ɓaure zuwa wani mai nisan kilomita 160, kusan tafiyar Birnin Kebbi zuwa Sakkwato.

Ku duba abin da wannan ke nufi. Tunda macen ba ta wuce kwana biyu, dole a kowane lokaci na shekara a sami wani ɓauren a wani wuri da ke shirye ya karɓe ta. In aka yi ta sare su don itacen girki ko don faɗaɗa gona har suka yi ƙaranci, sarƙar na iya tsinkewa, sauran da suka tsira su tsaya da ganyensu kore shar amma babu magaji. Mai wucewa ba zai ga alamar komai ba sai bayan shekaru, sa'ad da tsofaffin suka faɗi aka duba babu ƙanana.

Mutanen Kalifoniya na cikin irin wannan fargabar game da itacen Yusha'u. Santimita kaɗan yake ƙarawa a shekara, kuma yakan ɗauki shekaru gommai kafin ya fara fure. A watan Agusta na 2020 tsawa ta tayar da gobara a wani yanki na Mohabi, ta ƙone itatuwan da aka ƙiyasta sun kai miliyan 1.3. Abin da ke ƙara wa irin wannan wutar ƙarfi shi ne wata baƙuwar ciyawa da aka shigo da ita daga wata nahiya, ta cike filin da da yake fayau tsakanin itace da itace. Ga zafi na ƙaruwa, ƙananan tsiro na mutuwa a wuraren da suka fi ƙasa. Itacen kuma ba ya iya ƙaura da sauri zuwa wuri mai sanyi. A da can akwai wata ƙatuwar dabba mai nawa, mai nauyin saniya, da ke cin 'ya'yansa, an ma sami ragowarsu a busasshen kashinta cikin wani kogo a Nebada, kuma wasu masana na ganin ita ke kai irin nesa. Ta ƙare fiye da shekara 10,000 da suka wuce. Yanzu sai ɓeraye da kurege, waɗanda ba sa kai iri nesa. A 2023 jihar ta kafa doka ta musamman da ta hana sare itacen ba da izini ba.

A ra'ayinmu, wannan ya kamata ya shiga lissafin kulob-kulob na dashen itace a makarantunmu. Duk shekara in damina ta sauka akan raba dogon yaro, kuma ba mu raina shi ba, ya yi mana inuwa a inda wasu suka kasa. Amma shi ma baƙo ne daga Indiya, bai kai shekara ɗari da zuwa arewacin Nijeriya ba. Wuya ne ka ga makarantar da ta ware ko layi ɗaya don ɓaure, ko aduwa, ko goriba, ko giginyar da ake ta sarewa don azara, alhali su ne tsuntsaye da jemagu da ƙwarin wurin suka saba da su, su ne kuma awaki da shanun Dangoma ke samun abin ci a ƙarƙashinsu da rani. Wanda ya samu yukka a tukunya ya ajiye don ado, babu laifi, sai dai ya rage mata ruwa, don yawan ban ruwa ne ke ruɓar da saiwarta, ya kuma nisanta mai tsini daga inda ƙannensa ke wasa. Kada kuma wani ya tona gindinta da sunan rogo.

Ga aikin wannan makon. Ku nemi ɓaure mafi kusa da makarantarku, ku tsinko ɗa ɗaya ɗanye da ɗaya wanda ya fara nuna, ku raba kowanne biyu da reza a hankali, ku duba da gilashin ƙara girma na ɗakin gwaje-gwaje in akwai. Ku zana abin da kuka gani, ku ƙirga ƙwari masu fiffike da marasa shi. Sannan ku tambayi wani dattijo ko wata dattijuwa a unguwarku ɓaure nawa ne a bakin fadamar garin lokacin ƙuruciyarsu, ku je ku ƙirga na yanzu. Ku aiko mana da zanen da lambobin biyu, tare da sunan garinku da ajinku, za mu buga waɗanda suka fi tsari a fitowa ta gaba.